Ciwon maƙogwaron da ke sauka zuciya

Yawancin ciwon maƙogwaro a jikin yara mura ce, kwana biyu ta wuce. Amma akwai wanda wata ƙwayar bakteriya mai suna streptococcus ke kawowa: zazzaɓi mai zafi, haɗiyar yawu da ƙyar, ƙululu a wuya, galibi babu tari. Shi ma yakan lafa da kansa, kuma a nan ne iyaye ke sakin jiki.

Bayan mako 2 zuwa 3 sai wani yaron, yawanci ɗan shekara 5 zuwa 15, ya tashi da gwiwa a kumbure. Gobe ta sace, idon sawu ya ɗauka, jibi gwiwar hannu. A gida sai a ce sanyi ne. Wani yaron kuma hannu da fuska ke fizga ba da sonsa ba, cokali na faɗuwa, rubutunsa ya wargaje, a ce iska ce ta taɓa shi. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik.

Ƙwayar cutar ba ta shiga zuciya ba. Garkuwar jiki ce ta fito yaƙarta, sai ta kasa bambance ta da naman jikin mai ita, don sun yi kama, ta afka wa gaɓoɓi da zuciya. Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Zuciya kuwa takan kumbura ciki da waje, har da tsokar da ke harba jini. A cikin tsokar ake samun wasu ƙananan ƙulle-ƙulle, sai da madubin likita ake ganinsu, waɗanda likitan Jamus Ludwig Aschoff ya bayyana a 1904, kuma sunansa suke ɗauke da shi har yau. Idan sun warke sukan bar tabo.

Babbar ɓarnar tana kan ƙofofin zuciya, musamman wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu. Duk sanda zazzaɓin ya dawo, tabo ya hau kan tabo, ƙofar ta yi kauri, ko ta tsuke ko ta riƙa yoyon jini baya. Shekaru na iya shuɗewa shiru. Sai a ga budurwa tana haki a ɗan aikin gida, ƙafa na kumbura, ba ta iya barci sai ta jingina. Mata da dama sai sun ɗauki ciki abin ke bayyana, domin a lokacin ne aikin zuciya ke ƙaruwa. Cutar tana kashe mutum wajen 300,000 a shekara a duniya, akasari inda ake kwana a cunkushe kuma asibiti ya yi nisa.

Abin takaicin shi ne maganin farko ba tsada. Penicillin ko amoxicillin na kwana 10 cif, ko allura guda, bisa umarnin ma'aikacin lafiya, yana tare hanyar. Ƙwaya huɗu daga kemis a daina da zarar zafi ya sauka ba magani ba ne. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli kuma ba ya kashe ƙwayar cutar, sai dai ya ƙara masa rauni da zubar jini.

Wanda zazzaɓin ya riga ya kama yana buƙatar hoton zuciya, sannan allurar benzathine penicillin duk mako 3 ko 4, don kada zazzaɓin ya dawo. Allurar da zafi, yara na gudunta, iyaye na gajiya. Idan cutar ta taɓa zuciya, akan ci gaba da ita shekara 10 ko fiye, wasu har su kai shekara 40, ko da jikin ya yi garau.