BIKIN 'YANCIN KAI A KAN SIRDIN KEKE: DAGA HUNKUYI ZUWA MAKARFI

 Yau tambaya zan fara yi muku: idan ranar 1 ga Oktoba ta zagayo, me kuke yi da ita? Na san amsar yawancinmu mutanen birni. Maigida ya yi ta sharar barci har hantsi tunda babu ofis, uwargida kuwa ta tara wankin da ya sha kanta, yara su cika tsakar gida da ƙiriniya. In an yi ƙoƙari a kunna rediyo a ji jawabin shugaban ƙasa, kafin ya kai rabi an murɗa wata tasha. Shi ke nan an yi bikin 'yanci.

Alhali kuwa ranar ba ƙaramar rana ba ce. A ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a Legas aka ɗaga tamu mai kore da fari da kore, wadda wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniyar Ingila, Sa Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi ƙasa a matsayin Firayim Minista, Sardauna Ahmadu Bello kuma yana Firimiyan Jihar Arewa. A irin wannan rana ce dai a 1963 ƙasar ta zama jamhuriya. To a 2025, da aka cika shekara 65, gwamnatin tarayya ma soke faretin Abuja ta yi. In manya sun naɗe tabarma, sai na ce bari in ba ku labarin yadda ranar ta kasance a ƙasar Makarfi, inda Yayana da abokansa uku suka tafi a kan kekuna.

Dalilin tafiyar guda biyu ne. Na fili shi ne yawon buɗe ido da motsa jini. Na ɓoye kuwa, wanda duk gidanmu an sani sai dai ba a faɗa, ɗaya daga cikin abokan, wani malamin firamare mai kunya kamar amarya, yana neman wata yarinya a Makarfi, ɗiyar maƙwabcin Gwaggonmu, kuma an ba shi ranar ya je ya gai da iyaye. Mota ba shi da ita, babur ɗinsa ya jingine tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta haye dubu. Abokai suka ce su ara masa motar wani, ya ce a'a, ramin ƙarya ƙurarre ne, da abin da yake hawa kullum za shi. Sai Yaya ya ce to ai ba za su bar shi shi kaɗai ba, kowa ya ɗauko nasa.

Ni dai bas na bi na riga su, don mace kamata ta hau keke daga Zariya ai sai gari ya ɗauka, ko da yake da keke na gama sakandare. Su kuwa tun da sanyin asuba suka fita, bayan sun kwana suna shiri: an sa wa sarƙa mai, an ɗaure birki, an duba tayoyi, an ɗaura famfo da kayan faci da gorar ruwa a kariya. Yaya ya sayo ƙananan tutoci ya soka wa kowa a kan sitiyari.

Hanyar Hunkuyi suka bi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, can suka tsaya wajen mai shayi suka karya. Yaya ya ce rediyon mai shayin na ta jawabin shugaban ƙasa, mutane na sauraro da kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana kan hirar farashin masara da taki. Daga nan suka nufi Kudan, suka ratsa ta ƙauyuka da hanyoyin gona. Wanda bai taɓa bin wannan yanki a ƙarshen damina ba an bar shi a baya. Ga masara an karya an tara, ga dawa ta fid da kai, ga rake hagu da dama ya fi mutum tsawo, iska na kaɗa shi yana wata irin ƙara kamar saukar yayyafi. Mai mota wucewa yake yi fuu, gilashi a rufe, amma mai keke dole ya yi sallama, dole a amsa masa, wani ma ya karyo masa sandar rake ya ce a sha a hanya.

Abin da ya ba su mamaki shi ne babu wanda ya san da wani hutu a gona. Manomi na kan aikinsa, mata na tafe da tallar abinci zuwa gonaki. Yara ne kawai suka san ranar daban ce, tunda babu makaranta. Da suka hango tutoci a kan kekuna sai suka biyo su da gudu suna ihu, har sai da Yaya ya cire tasa ya ba wani ɗan ƙaramin yaro da ya fi kowa naci. A wani ƙauye tayar malamin ta yi faci, kuma ba su gama kwance ta ba sai ga mai facin garin ya zo da kansa, ya gyara, ya ƙi karɓar ko kwabo, wai baƙon da ya zo da tutar ƙasa a rana irin ta yau ba a cajinsa.

Sun shigo Makarfi rana ta take, kuma sai aka yi dace ranar ta faɗo Laraba, ranar da kasuwar garin ke ci. Kai jama'a, in kuna neman fareti ga fareti! Manyan motoci na lodin hatsi, amalanke da kura na kai da komo, 'yan dako na ta a ba su hanya, ga kekuna birjik, wani ya ɗauro buhu, wani dami, wani kaji a kwando. Makarfi dai an san ta da rake tun ba yau ba, da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwansa da rani, ana kai wa garuruwa na nesa. Garin ne kuma mahaifar Alhaji Ahmed Mohammed Makarfi, wanda ya yi gwamnan jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, kuma nan ne makarantar kiwon lafiyar nan da ta daɗe tana amsa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ta yaye 'ya'yan mutane da dama, maza da mata.

Yanzu bari mu shiga cikin gida, inda zancen yake. Da labari ya iso cewa manemi ya zo a kan keke, sai wata ƙanwar uwar yarinyar, wadda ke aure a birni ta zo hutu, ta taɓe baki har sai da na ji kunya ta kama ni. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Haba Yaya, yarinya kamar wannan, ta yi karatunta, a ce mai keke? Ina za mu kai wannan magana?" Ita yarinyar tana ƙuryar ɗaki, ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, idonta ya ciko. Gwaggo ba ta tanka ba, ta ci gaba da tuƙa tuwonta, sai can ta ce ai ita ma a bayan Raleigh mijinta ya riƙa kai ta asibiti awo, kuma a zamaninsu saurayin da ya mallaki Raleigh 'yammata har waƙa suke yi masa a dandali.

A zaure kuwa, kakan yarinyar, dattijo mai fiye da shekara saba'in, shi ya karɓi gaisuwa. Yaya ya ce bai tambayi albashi ba, bai tambayi gida ba. Tuta ya gani a kan sitiyari, sai ya shiga ba su labarin yana ɗan firamare a 1960, aka jera su a fili aka raba musu 'yan tutoci, aka dafa musu shinkafa, malaminsu ya ce daga yau ƙasa ta zama tasu, sai su riƙe ta da gaskiya. Daga nan ya tambayi malamin yara nawa ne a ajinsa, ko suna iya karatu, ko yana zuwa a kan lokaci. Da ya ji amsa sai ya ce mutumin da ya taka keke tun daga Zariya, alhali yana iya aro mota ya rufe musu ido, ya riga ya faɗi halinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Bai ce an ba shi ba, bai ce an hana shi ba, ya ce a turo manya.

'Yan'uwana mata, a nan nake so mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa. Aure nawa ne ya mutu kafin shekara saboda motar da aka zo zance da ita ta aro ce, shaddar ta aro ce, har gidan da aka nuna na aro ne? Mu ne muke tura samari yin ƙarya, sannan mu dawo muna kuka an yaudare mu. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma tsohon Firayim Ministansu Mark Rutte ya sha zuwa ofis a kan keke, babu wanda ya ce ya zub da girma. Ban ce a ba da 'ya ga wanda ba shi da sana'a ba, don soyayya ba ta cika tukunya. Amma a duba sana'ar da halin, a bar kallon ƙafafun abin hawa.

Da la'asar samarin unguwa suka yi wa kekunansu kwalliya da tsummokaran kore da fari suka zaga gari suna kaɗa ƙararrawa, su Yaya suka bi sahu, mu kuma muna leƙe ta ƙofar gida. Washegari suka bi ta Tashar Yari, suka tsallake titin Zariya zuwa Kano suka nufi Ikara, ƙasar tumatir, inda aka kafa masana'antar sarrafa shi tun farkon shekarun 1980, daga can suka juyo gida.

Shawarata ga magidanta, in 1 ga Oktoba ta sake zagayowa, kada a ƙarar da ita a kan katifa. A kwashi yara a kai su garin kakanninsu, ko a mota ko a keke, su ga inda abincinsu ke fitowa, su zauna gaban tsofaffin da suka ga 1960 da idonsu tun suna raye, don kullum raguwa suke yi. Uwargida kuma ta daure ta ajiye wankin nan zuwa Asabar.