Yadda Igiya Ke Cin Ƙarfen Masu Shiga Kogo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohuwar rijiya ya ga yadda igiyar guga take yi wa itace gurbi, yau da gobe. Irin wannan ciwo ne yake damun masu binciken koguna a ƙasashen Turai da Amurka, sai dai su abin da ke rataye a jikin igiyar ransu ne.

A ƙasar Meziko akwai wani rami mai suna Golondrinas, wanda aka fara sauka cikinsa a 1967. Daga gefen bakinsa mafi ƙasa zuwa gindinsa mita 333 ne, babu wurin dafawa. Mai sauka yakan ratsa igiyarsa cikin wani ƙarfe da ke ɗaure a ƙugunsa, gogayyar igiya da ƙarfen ita ce birkinsa. A Faransa kamfanin Petzl ya yi suna da mai gargare biyu, a Amurka kuwa an fi son mai kama da ƙaramin tsani, wanda John Cole ya ƙirƙiro.

Igiya mai tsabta ba ta cika yi wa ƙarfe lahani ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga laka da yashin da suke shiga cikin zarenta, domin ƙwayar yashi ta fi ƙarfe tauri, sai igiyar ta koma tamkar magagari.

Alminiyam ba shi da nauyi, yana kuma saurin watsar da zafi, amma yana saurin cinyewa, har ya baƙanta igiya. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi shi ƙarko, sai dai zafi yakan taru a inda igiya take gogarsa, ga shi kuwa igiyar nailan ba ta jure zafi mai yawa. Haka kuma idan sandar tsanin mai rami ce a ciki, ranar da ta huje bakin hujin yakan yi kaifi, ya iya yanka igiya mutum yana tsakiyar rami.

Saboda haka ƙwararru sukan wanke igiya bayan kowace tafiya, su bi ƙarfen da yatsa suna laluben gurbi ko kaifi, su canja duk sandar da ta ci tun kafin ta huje. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.