Hanyar Dawowa: Yadda Tsohon Kaya Ke Komawa Masana'anta

A gefen birnin Paris na ƙasar Faransa akwai wani gari da ake kira Choisy-le-Roi. Daga shekarar 1949 kamfanin motoci na Renault ya shafe shekaru da dama yana da wata masana'anta a can, wadda aikinta ya sha bamban da na sauran. A lokacin, manyan motocin da ke shiga ƙofarta tsoffin injuna suke saukewa, da giyabos, da famfunan mai, waɗanda kanikawa suka cire daga motocin jama'a a garejoji daban-daban. Ma'aikata su kwance injin ƙusa bayan ƙusa, su wanke, su auna kowane ɓangare. Abin da ya cinye a sauya shi da sabo, abin da ke da sauran rai a goge shi a mayar, sannan a haɗa a gwada. Injin ya fita da garanti irin na sabo, a farashin da ya gaza na sabon da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A ƙididdigar kamfanin, wannan aiki yana rage wutar da ake ƙonawa da kusan kashi 80, ruwa kuma da kashi 88, idan an kwatanta da ƙera sabo daga tushe. A 2020 Renault ya sanar da mayar da aikin zuwa babbar masana'antarsa ta Flins, wadda ya keɓe don gyara da sabunta tsoffin motoci da kayansu.

Wannan shi ne abin da masana ke kira tattalin arziki mai zagayawa. Tsarin da duniya ta saba da shi tun zuwan injuna miƙaƙƙe ne: a haƙo ma'adini, a ƙera kaya, a sayar, a yi amfani, a jefar a bola. Duk dabarun sarrafa hanyar kaya, wato sayen ɗanyen kaya da sufuri da ajiya a sito da rabawa diloli, an gina su ne a kan tafiya ta fuska ɗaya, daga masana'anta zuwa hannun mai saye. Sabon tunanin yana neman a lanƙwasa wannan layi ya koma inda ya fito. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Stahel, yana cikin waɗanda suka fara tsara shi, a wani rahoto da shi da Geneviève Reday suka rubuta wa Hukumar Turai a 1976. Daga baya gidauniyar Ellen MacArthur, wadda aka kafa a Ingila a 2010, ta kai maganar gaban shugabannin manyan kamfanoni.

Ra'ayina shi ne, wuyar aikin ba a masana'anta take ba. Kwance inji da haɗa shi sana'a ce da kowane gari yake da gwanayenta. Abin da ke gagara shi ne yadda tsohon injin zai baro hannun mai shi ya iso ƙofar masana'anta a kan lokaci, a yanayin da zai yi amfani, kuma da kuɗin motar da bai cinye ribar ba.

Mai kula da sayen kaya a kamfani ya san ranar da odarsa za ta iso, ya san adadi, ya san inganci, domin akwai takarda tsakaninsa da mai kawo masa. Tsohon kaya ba shi da wannan tarbiyya. Ba wanda ya san ranar da injin wani manomi zai buga. Wata ɗaya su taru har a rasa wurin ajiya, wata na gaba a zauna jiran tsammani. Kuma guda biyu ba sa zuwa iri ɗaya: wannan zobe kawai ya ci, wancan ya kwana a ruwa har tsatsa ta gama da shi. A hanyar fita, mota ɗaya takan ɗauki kaya daga wuri ɗaya ta raba. A hanyar dawowa sai an bi ƙofa dubu ana tsintar ɗaya-ɗaya. Da yawa daga kamfanonin da suka yi shelar za su riƙa karɓar tsohon kayansu, a nan suka kwanta.

Kamfanin Caterpillar na Amurka, mai ƙera katafila da manyan janareta, ya shawo kan matsalar da dabara mai sauƙi. Ya fara sabunta tsoffin injuna a 1973. Idan ka je wurin dilansa sayen sabuntaccen ɓangare, za ka biya kuɗin kaya, ka kuma ajiye wani kuɗi a kai na jingina. Ranar da ka kawo tsohon da ka cire, dila ya duba shi bisa ƙa'idojin da aka rubuta: bai tsage ba, ba a yi masa walda ta ganganci ba, ba a kwashe kayan cikinsa ba. In ya cika sharaɗi a mayar maka da kuɗinka duka, in ya gaza a ba ka wani kaso. Da wannan, duk ɓangaren da ya fita ya bar alkawarin wani zai dawo a madadinsa, kuma mai kayan da kansa zai lallaɓa tsohon, ya rufe shi daga ruwan sama, domin kuɗinsa ne a kwance. Motar da ta kai wa dila kaya ita ce ke juyowa da tsoffin. Kamfanin bai dogara da wa'azin kare muhalli ba; ya sa wa tsohon ƙarfe farashi ne tun kafin ya tsufa.

Jamus ta yi irin wannan da robobin abin sha da gwangwanaye. Tun farkon 2003 doka ta ɗora kuɗin jingina a kan robobi da gwangwanayen da ba a sake cikawa, wanda yanzu santi 25 ne na Yuro a kan kowane ɗaya. Mai saye ya shanye, ya kai shago, ya zura a wata na'ura da ke bakin ƙofa, ta ba shi takardar kuɗinsa. Sama da kashi 95 cikin ɗari na irin waɗannan robobi suna dawowa. Kuma da yake an tattara su a tsabtace, ba a gauraye da shara ba, ana iya narka su a sake yin wata robar abin sha da su.

Mu ma ai mun san wannan tsari, mun ma rayu a cikinsa. Kwalbar lemo ba a jefar da ita. Mai shago ba zai bari ka fita da ita ba sai ka kawo fanko ko ka ajiye kuɗin kwalba. Dila ba ya ba da kiret sai an kawo masa kiret. Motar kamfani ta zo cike, ta koma da fanko suna ƙara a bayanta, a wanke su a sake cikawa, kwalba ɗaya ta yi zuwa da dawowa har gefenta ya yi farin zobe saboda gogayya. Da lemon roba ya shigo, kamfanoni suka huta da ɗawainiyar wanki da jigilar fanko, mai saye ma ya ji daɗin tafiya da abinsa. Amma ɗawainiyar ba ɓacewa ta yi ba. Ta koma kan magudanan ruwa ne, kuma duk wanda ya ga yadda robobi da ledar fiya wata ke toshe kwalbati a Kano ko Kaduna ko Maraɗi da saukar ruwan farko ya san wanda ke biyan kuɗin yanzu.

Giɓin da kamfanoni suka bari, 'yan gwangwan da 'yan bola jari ne suka cike shi. Yaro da buhu a kafaɗa da sanda mai maganaɗisu a hannu, yana bin lungu yana tsintar ƙusa da guntun rodi da murfin tukunya. Da yamma ya kai wa mai sikeli, a ware ƙarfe gefe, alminiyam gefe, jan ƙarfe gefe domin shi ya fi daraja, a auna a biya shi. Mai sikeli ya tara ya sayar wa babban dila, dila ya cika tirela ta nufi kudu inda masana'antun narka ƙarfe suke yin rodin gini. Wani alminiyam ɗin ba ya ma barin gari: maƙera su narka shi su zuba tukwane da ludaya. A kasuwar Panteka ta Kaduna kuwa, da wuya ka nemi ɓangaren wata tsohuwar na'ura ka rasa, ko wanda zai ƙera maka madadinsa. Wannan cikakkiyar hanyar dawo da kaya ce, da matakanta da farashinta da bashinta da amanarta, kuma ba gwamnatin da ta zana ta. Ina ganin duk wani shiri da za a kawo daga sama wanda ya tsallake waɗannan mutane, ko ya ɗauke su ɓarayi gaba ɗaya saboda ɓata-garin da ke sace wayar wuta da murfin kwalbati, ya rusa abin da ake da shi kafin ya gina wani.

Sai dai akwai asara a cikin wannan zagaye namu, kuma a nan tunanin Stahel yake da amfani. A wurinsa zagaye hawa-hawa ne, kuma mafi gajarta ya fi riba. Gyara ya fi sabuntawa, sabuntawa ta fi narkawa. Gaskiya ne narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 ne kawai cikin ɗari na wutar da ake buƙata a samar da sabo daga ma'adini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma injin da aka fasa da guduma aka sayar a kilo, an zubar da duk ilimi da aikin da suka mayar da ƙarfe inji. Abin da ya saura nauyinsa ne kawai. Stahel ya kuma lura cewa yawancin wutar da masana'antu ke ci tana tafiya ne wajen samar da ɗanyen kaya, yawancin ma'aikata kuwa suna wajen haɗawa da gyara. Ke nan duk lokacin da aka tsawaita ran kaya, an musanya wuta da hannun mutum. Ƙasar da wutarta ba ta isa ba, matasanta kuma suna neman aikin yi, ita ta fi kowa dacewa da wannan lissafi.

Hakan ba ya yiwuwa sai an shirya masa tun a teburin zane. Kayan da aka manne da gam ba ya kwantuwa sai an fasa shi. Wanda aka ɗaure da noti yana kwantuwa. Robar da aka gauraya iri uku ba ta narkuwa ta ba da abin kirki. Shi ya sa wasu kamfanoni suka fara sayar da aikin da kayan ke yi, ba kayan kawai ba. Rolls-Royce yana karɓar kuɗi daga kamfanonin jiragen sama bisa awannin da injin da ya ƙera musu ya yi yana tashi, kula da shi kuma yana wuyan maƙerinsa. A 2015 filin jirgin sama na Schiphol a Holan ya ƙulla yarjejeniya da Philips a kan ya riƙa biyan kuɗin haske, fitilun kuma su ci gaba da zama mallakin kamfanin. Wanda ya san kaya zai dawo hannunsa ba zai ƙera shi don ya mutu da wuri ba.

Akwai kuma ɓangaren da rahotannin kamfanoni ba sa son daɗewa a kai. Ba kowane kaya da aka ce ya tafi sake sarrafawa ba ne ya je inda ya dace. A 1988 an jibge dubban tan na guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yau, kuma wannan abin kunya yana cikin abubuwan da suka hanzarta yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan safarar shara mai haɗari. Shekaru da dama ƙasashen Turai da Amurka suna loda sharar robobinsu zuwa Sin suna lissafa ta a matsayin wadda aka sake sarrafawa, har Sin ta rufe ƙofa a farkon 2018, kayan suka karkata zuwa Maleshiya da wasu maƙwabtanta. Zagayen da ya rufe a takarda, amma ya bar dafinsa a unguwar talaka, bai cika sunansa ba.

Misalin da ya fi damuna shi ne batir. Dalmar da ke cikin batirin mota tana narkuwa a sake amfani da ita ba iyaka, shi ya sa tsohon batir yake da kasuwa. Amma idan aka fasa shi da adda, aka tsiyaye ruwan asid ɗinsa a ƙasa, aka narka dalmar a tanderun da ba shi da matatar hayaƙi, ƙurar tana sauka a gidaje da gonaki. A garin Ogijo na jihar Ogun, inda irin waɗannan masana'antu suka taru, gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a jinin mazauna, har da ƙananan yara, alhali dalmar da aka narka ana fitar da ita waje ta shiga sababbin batira. Mu a Arewa ba sai an yi mana bayanin abin da dalma ke yi wa yaro ba. Mun ga ɗaruruwan da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Mai sayen kayan da aka sake sarrafawa yana da alhakin sanin ta hannun wa suka biyo, kamar yadda yake bin diddigin sabon kaya. Tarayyar Turai ta kama wannan hanya a dokar batir ta 2023, wadda ta ce daga Fabrairun 2027 batiran motocin lantarki da manyan na masana'antu sai sun zo da wata shaida ta intanet mai nuna abin da ke cikinsu da tarihinsu.

Maganar ta iso ƙofarmu ne ta hanyar sola. Gidaje da shaguna da masallatai da asibitoci daga Sakkwato har Damagaram sun koma wutar rana, kuma kowane saiti yana da batiran da za su mutu cikin 'yan shekaru. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin kula da batir a 2024 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da shi nauyin abin da zai faru da shi bayan ya mutu. Abin da ya rage shi ne a gina hanyar da zai bi. A Jamus, wanda ya sayi batirin mota bai kawo tsohon ba sai ya ajiye Yuro 7.50. Diloli a Sabon Gari da sauran kasuwanninmu suna iya yin haka: a karɓi jingina ranar saye, kuɗin ya fi abin da mai fasawa da adda zai biya, motar da ta kawo sababbi daga Legas ta koma da tsoffi a rufe da ruwansu a ciki, zuwa masana'antar da hukuma ta duba tanderunta. 'Yan gwangwan da suka riga suka san kowane lungu su ne za su tattaro na ƙauyuka, a biya su lada a kan kowane batirin da suka kawo ba a fasa ba.