Jar ƙwaya a lungunan Zongo

Milligiram 400 ne iyakar abin da likita ke yarda babba ya sha na tramadol a yini. A Gana, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta amince da mai ƙarfin 50 da 100 kawai. Amma wadda ake miƙawa hannu da hannu a lungunan Nima da Maamobi da Sabon Zongo, wadda samari ke ce wa tiramol, tana kai 225. Guda biyu sun zarce iyaka ke nan, kuma akwai mai jefa su cikin lemon ƙara kuzari ko ya kora da giyar akpeteshi.

Mu daina cewa masu shanta duk 'yan iska ne. Da yawa neman abinci ne ya kai su. Ɗan okada da ke kan babur tun asuba, da lebura a wurin gini, da mai dako a kasuwa, jikinsu ne jarinsu, kuma ƙwayar tana ɗauke gajiya da ciwon baya. Sannu a hankali jiki ya saba, ɗaya ta daina isa. Ranar da babu, sai zufa da makyarkyata da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Idan ta yi yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana kuma danne numfashi, musamman in ta haɗu da giya. Saurayi ya kwanta, a tashe shi sallar asuba a tarar rai ya yi halinsa.

A 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, ta kuma tsaurara sayar da tramadol. Sai 'yan fasa-ƙwauri suka sauya kaya. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna wani kamfani a Mumbai yana haɗa tapentadol da carisoprodol, haɗin da babu ƙasar da ta ba shi lasisi, yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Indiya ta hana haɗin bayan fallasar, amma wannan haɗin, wato jar ƙwayar, ya riga ya shiga unguwa.

Abin da ya fi damuna shi ne rufin asirinmu. Uwa ta fi son a ce aljanu ne suka taɓa ɗanta da a ce ƙwaya ce, sai a yi ta yawon neman rubutu, lokaci na ƙurewa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Dokar 2020 da ta kafa Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, kuma asibitin Pantang yana da sashen kula da masu wannan larura.

Limamanmu da sarakunan Zongo, ku faɗi sunan ƙwayar nan ƙarara a huɗuba da zaman fada. Mai sayarwa a kai shi gaban hukuma, mai sha kuwa a riƙe hannunsa a kai shi asibiti.