Wa Ke Cikin Rigar Dodo?

Tara yara goma a wata unguwa ta Dogondutsi, ka ba kowanne gawayi ka ce ya zana maka Dodo a jikin garu. Dodanni goma za ka samu. Wani zai yi masa gashi har gadon baya, wani wutsiya, wani baki kamar rijiya. Dalili kuwa, tsohuwar da ta yi musu tatsuniya ba ta taɓa siffanta shi daga kai zuwa ƙafa ba. Murya take kumburawa, ta ce ƙasa na girgiza in yana tafe, ta bar duhun tsakar gida da zuciyar yaro su ƙarasa aikin. Masu shirya finafinan ban tsoro a Turai da Amurka sun kashe dukiya mai yawa kafin su gano abin da kaka ta sani a kyauta.

Finafinan da nake nufi su ne waɗanda ake haɗa ƙagen kimiyya da tsoro: kumbo a sararin samaniya, wata halitta daga wata duniya, mutane kaɗan a rufe ba hanyar gudu. Babban cikinsu shi ne Alien, wanda Ridley Scott ya ba da umarni, ya fito a 1979. Ma'aikata bakwai ne a jirgin dakon ma'adinai mai suna Nostromo, suka kwaso wa kansu baƙon da ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya zana baƙon shi ne H. R. Giger, ɗan ƙasar Suwizalan. Ya ba shi kai dogo mai santsi kamar gora, da baki a cikin baki, da yawu mai yauƙi da ba ya tsayawa. Jininsa kuma ya fi ruwan batir ci, har ƙarfe yake hudawa, don haka harbinsa a cikin kumbo hallaka kai ne. Amma babbar dabarar Giger ita ce abin da ya hana shi: ido. Ko kura ce ta tare ka, kana duba idonta ka san ko ta gan ka, ko tsoronka take ji. Abin da ba shi da ido ba ka da inda za ka karanta niyyarsa. Carlo Rambaldi, ɗan Italiya, ya haɗa ƙarafunan da ke motsa kan da muƙamuƙin, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka karɓi kyautar Oscar a 1980.

Yadda halittar ke haihuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a ƙauye. Ka taɓa fasa ɗakin zanzaro a bango? Za ka iske tsutsa ko gizo-gizo a sume, an ajiye wa ɗan da zai ƙyanƙyashe ya ci da ransu. Haka baƙon nan yake shuka ɗansa a jikin mutum, har ranar da ya fasa ƙirjin ɗan wasa John Hurt ana tsakiyar cin abinci. Dattawan da suka ga zamanin kurkunu, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Nijar a 2013, sun san wannan tsoro fiye da kowane Bature: abu mai rai ya kwana a jikinka watanni, ka tashi ka gan shi yana leƙowa.

Zane dai zane ne, sai an sami mai shiga rigar. A nan ma mutanen Arewa ba sa bukatar dogon bayani. Ba batun imani nake ba, kowa ya san inda ya tsaya, batun ido nake. Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen wasan bori ya san cewa in iska ta hau dokinta, ba sai an faɗa wa ƴan kallo sunanta ba. Tafiya da sutura da murya sun isa. Sunan iskar da ake kira Doguwa ma kansa siffa ce ta jiki. To, Ridley Scott doki yake nema, jikin da mai kallo zai gani ya ce ba mutum ba ne a ciki.

An same shi a wata mashaya a unguwar Soho ta Landan. Sunansa Bolaji Badejo, ɗan Legas, haifaffen 1953, ɗalibin zane da bai taɓa fitowa a fim ba. Tsawonsa mita 2 da santimita 8, siriri, hannuwa da ƙafafu zaƙo-zaƙo. Aka ɗinka rigar roba daidai jikinsa, aka sa shi koyon motsi a hankali, irin wanda ke tafiya kamar ba ya taka ƙasa. Zafin rigar ba ya barinsa ya daɗe a ciki, wutsiyar kuma ta hana shi zama a kujera sai da aka ƙera masa wani lilo na musamman. Bayan duk wannan wahala, mintuna kaɗan ne ake ganinsa a fim ɗin: inuwa nan, haƙora can, wutsiya na saukowa daga sama. Scott ya san in ya haska shi gaba ɗaya, mutane za su gane mutum ne a riga. Dabarar kaka ke nan.

Fim ɗin Predator na 1987 ya nuna abin da ke faruwa in aka yi kuskuren doki. Jean-Claude Van Damme aka fara ɗauka, amma rigar farko ta fito abin dariya, shi kuma bai kai Arnold Schwarzenegger da sauran ƙartin tsawo ba. Aka dakatar da aiki, Stan Winston ya sake zana halittar, aka kawo Kevin Peter Hall, baƙar fatan Amurka mai tsawon mita 2 da santimita 18. Abin da ke min ciwo shi ne, manyan dodannin nan biyu duk baƙaƙen fata ne a ciki, duniya ta san rigar ba ta san fuskar ba. Hall dai an ɗan nuna fuskarsa a ƙarshe, a matsayin matuƙin jirgi mai saukar ungulu.

Zaɓen waɗanda dodo zai fuskanta ma dabara ce. An rubuta labarin Alien ta yadda namiji ko mace zai iya hawa kowane matsayi. Mai kallo ya sa rai kyaftin ne zai tsira, sai ga shi an ɗauke shi da wuri, aka bar Sigourney Weaver, wadda a lokacin ba a san ta ba. Tunda ba ka san fuskarta ba, ba ka da tabbacin za ta kai labari. Med Hondo ya yi irin wannan zaɓe a fim ɗin Sarraounia na 1986, wanda ya ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani kan yadda Sarauniya ta Lugu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ya ba Aï Keïta matsayin, sabuwar fuska, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai ƴar Burkina Faso ce, can kuma aka ɗauki fim ɗin. Labarinmu ne, a bakin wasu.

Mu kuma in za mu nuna aljani a finafinanmu, sai a shafa wa mutum farar hoda, a ja masa ido, ya tsaya tsakar rana yana ƙyaƙyata dariya, sannan kwamfuta ta ɓatar da shi ɓat. Yara ma dariya suke yi. Kada a ce min rashin kuɗi ne. Marigayi Moustapha Alassane da hannunsa yake haɗa ƴan tsanansa a Tawa, finafinansa suka zaga duniya. Duwatsun Dogondutsi bayan magariba, da kukoki, da tsofaffin rijiyoyin Tibiri da Matankari, ba wanda zai ce ka biya shi kafin ka kafa kyamara.

Badejo bai sake fim ba. Ya koma Legas ya buɗe gidan baje kolin zane, ya rasu a Disambar 1992 yana da shekara 39, sanadin ciwon sikila. In ka sake kallon Alien, kada ka kashe da zarar labari ya ƙare. Jira rubutun ƙarshe ya hau, sunansa na nan a jerin ƴan wasa.