Ɗan kwaɗon da ke tsare tambarin ofis daga zamewar hannu

A ma'aikatun tarayya da ke Abuja, katin gayyata ko allon taro yakan bi ta hannu da yawa kafin ya isa maɗaba'a. Mai zane ya tsara, hadimin minista ya sauya suna, sakatariya ta gyara kwanan wata. A wannan kai-komo ne tambarin Najeriya, mai jan mikiya da fararen dawakai biyu, kan gusa ko ya miƙe ya karkace, ba a ankara ba sai an gama bugawa.

Manhajojin da ake irin wannan zane da su, wato CorelDRAW da Adobe Illustrator da Inkscape, suna ɗaukar kowane layi da harafi da siffa a matsayin abu mai zaman kansa. Shi ya sa ake faɗaɗa tambari har ya cika allo bai dushe ba, shi ya sa kuma ɗan jan linzami bisa kuskure ke tsinke wutsiyar doki daga jikinsa. Maganin shi ne a kulle abin da aka kammala.

A CorelDRAW, wadda ta fito a 1989 kuma masu ɗab'i a ƙasar nan suka fi sabawa da ita, ana danna abin da maɓallin dama na linzami a zaɓi umarnin kullewa. Nan take ƙananan kwaɗuna za su kewaye shi. A Illustrator, Ctrl da 2 ke kulle abin da aka zaɓa, Ctrl da Alt da 2 kuma su buɗe duka. Amma in shimfiɗa guda aka kulle ɗungurungum, sai an shiga akwatin Layers an danna hoton kwaɗon da ke gefenta. Nan ne sabon hannu kan ɗauka cewa fayil ɗin ya lalace.

Kullewa tana da nata tarkon. A Illustrator, Ctrl da A ba ya ɗaukar abin da ke kulle. Wanda ya zaɓi komai don rage girman shafi zai tarar rubutu ya ƙanƙance, tambari kuwa yana nan inda yake. Abin da aka kulle kuma ana buga shi kamar sauran, don haka shekarar bara da aka manta a ƙasan kati za ta fito ɓaro-ɓaro.

Abin da ya kamata hadimai su riƙe shi ne wannan kwaɗo ba ya neman kalmar sirri. Duk wanda fayil ɗin ya shiga hannunsa zai buɗe shi cikin daƙiƙa, ya kwafe tambari ko sa hannun shugaban ma'aikata. In takarda za ta fita daga ofis, a cire sa hannun, a aika ta a PDF, fayil na asali ya zauna wurin mai zane.