Ƙwaƙwalwar mota: kada a yi gaugawar canza ta

Ƴan'uwa, motocin yanzu sun bambanta da Peugeot 404 da 504 da munka sani dā. Waɗancan, in sun tsaya a hanya, makanike yana gyara su a gindin itace. Amma tun wajen 1990, galibin motocin da anka ƙera suna da wani ɗan akwati na lantarki. Shi ne kwamfutar mota. Direbobi suna ce mishi ƙwaƙwalwar mota.

Mine ne aikinta? Ita ce ke auna man da za ya shiga inji. Ita ce ke ba buji lokacin tada wuta. Akwai ƙananan na'urori a jikin inji masu ba ta labarin zafi da iska da juyin inji. In ta mutu, mota ba ta tashi, ko an tura ta.

Ruwa yana kashe ta, musamman da damina in an ratsa gulbi. Haka nan in an haɗa wayoyin batir a juye, ko an yi walda a jikin mota batir yana haɗe. Akwai kuma wata mugunyar al'ada: a tada mota da batir na aro, a cire shi inji yana aiki. A bar wannan. Wuta na iya hauhawa ta ƙone ƙwaƙwalwar.

To, in makanike ya ce muku ƙwaƙwalwa ta mutu, kada ku fidda kuɗi nan take. Tana da tsada. Sau da yawa lafiyarta lau: fiyus ne ya ƙone, ko ɓera ya ci waya, ko ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin nan ta lalace. Ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai ramu 16. Ku je garejin da ke da na'urar bincike, a jona ta nan, a ga inda ciwon yake.

In ta tabbata sai an canza, ku duba lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar. Ku da kunka koyi karatu, ku kwafe ta da kanku. Wadda za a saya, sabuwa ko ta hannu, dole lambarta ta dace da wannan. Kamannin akwati kawai bai isa ba.

Kafin a taɓa ta, a kashe mota, a cire wayar batir mai alamar −. A gyara abin da ya kashe ta farko, in ba haka ba sabuwar ma za ta ƙone.

Abu guda ya rage. Motoci da yawa na bayan 1998 suna da ɗan ƙwaya cikin makulli don hana sata. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta san makullinku ba, sai mai na'ura ya haɗa su. Ku yi ciniki da wannan aiki a ciki, kuma kada ku cika kuɗi sai mota ta tashi a gabanku.